Kisan Jinƙai da Taimaka wa Majinyaci Ya Mutu: Tambayoyi da Amsoshi kan Doka, Addini da Aikin Likita

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a gefen gadon mutumin da ciwo ya ci ƙarfinsa ya san akwai ranar da masu zuwa dubiya kan daina cewa "Allah ya ƙara sauƙi", su koma cewa "Allah ya zaɓa masa abin da ya fi alheri". A wasu ƙasashe an wuce nan, har an rubuta dokokin da suka ba likita damar kawo ƙarshen ran majinyaci idan shi da bakinsa ya nema. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi yi a kan wannan batu, kuma za a ga an fi tsayawa a kan ƙasar Holan, domin ita ce ta fi daɗewa tana aiki da irin wannan doka, ita ce kuma sauran ƙasashe ke kallo, masu koyi da masu gudu.

Mene ne kisan jinƙai, kuma da me ya bambanta da taimaka wa mutum ya kashe kansa?

Abubuwa uku ne mutane kan haɗa su a kwarya ɗaya, alhali doka da malamai da likitoci duk sun raba su. Na farko shi ne likita ya yi wa majinyaci allura da hannunsa da niyyar ya mutu, bayan majinyacin ya roƙi hakan. Wannan ne ake kira kisan jinƙai, Larabawa kuma suna ce masa ƙatlur rahma. Na biyu shi ne likita ya rubuta ko ya miƙa maganin, majinyacin ya sha da kansa, wato mataki na ƙarshe yana hannun mai mutuwar ne. Na uku shi ne a daina wani magani ko a cire wata na'ura da likitoci suka tabbatar ba ta ƙara amfani, a bar cutar ta yi aikinta. A na farko da na biyu maganin da aka bayar ne sanadin mutuwa, a na uku kuwa cutar ce sanadi. Wanda bai riƙe wannan bambanci ba zai sha ruɗewa a sauran bayanin, domin ƙasashe da malaman da suka haramta biyun farko da yawansu sun yarda da na ukun.

Ta yaya Holan ta kai ga halatta shi?

Kotuna ne suka share hanya tun kafin majalisa ta ce uffan. A shekarar 1973 aka gurfanar da wata likita mai suna Geertruida Postma a birnin Leeuwarden, saboda ta yi wa mahaifiyarta allurar da ta kashe ta. Tsohuwar ta yi fama da shanyewar ɓarin jiki, kuma ta sha roƙon 'yarta ta raba ta da wahala. Kotu ta same ta da laifi, amma hukuncin da aka yanke mata ɗaurin mako guda ne, shi ma na jeka-ka-gyara-halinka. Daga wannan shari'a alƙalai da ƙungiyar likitocin ƙasar suka riƙa gina ƙa'idojin da idan likita ya bi su ba za a tuhume shi ba, aka yi kusan shekara talatin ana tafiya a haka, abin yana laifi a takarda amma ana kau da kai a aikace. A 2001 majalisa ta amince da doka, ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu, 2002. Beljiyam ta bi sahu a wannan shekarar, Lukzambak kuma a 2009.

Waɗanne sharuɗɗa dokar Holan ta gindaya?

Har yau kisan jinƙai laifi ne a kundin hukunta laifuka na ƙasar, sai dai an ɗauke hukunci daga kan likitan da ya cika sharuɗɗa shida. Dole ya gamsu cewa roƙon na raɗin kai ne kuma an yi shi bayan dogon tunani, cewa azabar da majinyacin ke sha ta fi ƙarfin haƙurinsa kuma babu alamar sauƙi, cewa an yi masa cikakken bayanin halin da yake ciki, cewa su biyun sun cimma matsayar babu wata mafita mai ma'ana, cewa wani likita na dabam mai zaman kansa ya ga majinyacin ya rubuta ra'ayinsa, sannan a aiwatar da abin bisa ƙa'idar aikin likita. Yawanci a gida ake yi, a hannun likitan da ya saba duba iyalin, kuma kafin ya fara sai ya sake tambayar majinyacin ko yana nan a kan bakansa. Bayan rasuwar ba a rubuta cewa mutuwar Allah da Annabi ce. Ana sanar da jami'in binciken gawa na gari, a tura rahoto ga kwamitin yanki mai ɗauke da masanin shari'a da likita da masanin ɗa'a. Abin lura a nan shi ne binciken kwamitin yana zuwa ne bayan an riga an binne mutum, don haka idan an yi kuskure babu mai gyara shi. Haka kuma dokar ba ta ce sai wanda ajalinsa ya kusa ba, azaba ita ce ma'auni.

Ban da waɗannan, ina kuma aka halatta?

Suwizalan ta bi tata hanya: likita ba shi da izinin yi wa kowa allurar mutuwa, amma sashe na 115 na dokar laifukanta, wadda ke aiki tun 1942, bai hukunta wanda ya taimaka wa wani ya kashe kansa sai idan ya yi don wata riba ta kansa. A wannan kafa ƙungiyar Dignitas, da aka kafa a 1998, take karɓar baƙi daga ƙasashen waje. A Amurka kowace jiha da dokarta, kuma jihar Oregon ce ta fara a 1997, inda sai baligin da likitoci suka kiyasta bai wuce wata shida a duniya ba ake rubuta wa maganin, shi kuma zai sha da kansa. Kotun tsarin mulki ta Kolombiya ta buɗe ƙofa tun 1997, Kanada ta yi doka a 2016, jihar Biktoriya ta Ostireliya ta fara aiki da tata a 2019, Sifaniya da Niyu Zilan a 2021. A Ingila kuwa dokar 1961 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya taimaka wa wani ya kashe kansa, ko da yake a watan Nuwamba na 2024 majalisar wakilan ƙasar ta kaɗa ƙuri'a 330 da 275 don a ci gaba da duba ƙudirin sauya ta. Mafi yawan ƙasashen duniya, har da kusan dukkan na Afirka da na Musulmi, ba su halatta ba.

Shin gaskiya ne cewa da zarar an buɗe ƙofar sai ta yi ta faɗi?

Wannan ita ce tambayar da aka fi ja-in-ja a kanta, kuma tarihi ya ba kowane ɓangare abin riƙewa. A Oregon sharaɗin wata shida yana nan daram bayan fiye da shekara ashirin da biyar. A wasu wuraren kuwa iyakar ta gusa a fili. Beljiyam ta cire ƙayyade shekaru a 2014, ta yadda yaro mai cutar ajali da ya mallaki fahimta zai iya nema da yardar iyayensa. Kanada ta fara da waɗanda mutuwarsu ta kusanto, sai a 2021 ta cire wannan sharaɗi, ta kuma shirya shigar da waɗanda ciwonsu taɓin hankali ne kaɗai, amma hayaniya ta sa aka yi ta ɗagawa har zuwa Maris na 2027. A 2023 mutum 15,343 suka mutu ta wannan hanya a Kanada, kusan kashi 4.7 cikin ɗari na duk mace-macen shekarar, a Holan kuma mutum 9,068, wato sama da kashi biyar cikin ɗari.

Akwai shari'a guda da ta fi alƙaluma bayyana inda gizo ke saƙa. A 2016, a wani gidan kula da tsofaffi da ke birnin Hague na Holan, akwai wata tsohuwa mai shekara 74 da cutar gushewar tunani ta yi wa illa. Tun tana cikin hayyacinta ta rubuta wasiyya cewa idan ta kai matsayin da sai an ajiye ta a irin wannan gida, to ta fi son a kawo ƙarshen rayuwarta. Da lokacin ya zo ba ta iya tsayawa a kan magana ɗaya, yau ta ce tana son mutuwa, gobe ta ce ba yanzu ba. Likitar ta zuba mata maganin barci a kofi ba tare da ta sani ba, kuma da aka fara allurar tsohuwar ta yunƙura, sai 'yan uwanta suka riƙe ta aka ƙarasa. Wannan ce shari'a ta farko da aka gurfanar da likita tun da dokar ta fara aiki. A 2019 kotu ta wanke likitar, a Afrilun 2020 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa rubutacciyar wasiyya na iya tsayawa a madadin roƙon baki. Masu goyon baya sun ce an cika wa matar burin da ta bayyana lokacin da take da hankali. A ganina kuwa, dokar da aka kafa a kan yardar majinyaci ta shiga wani hali mai wuyar karewa a ranar da aka riƙe hannun wadda ba ta san abin da ake yi mata ba.

Mece ce hujjar masu goyon baya?

Ba daidai ba ne a ɗauke su marasa imani ko marasa tausayi, domin da yawansu sun yi jinyar iyaye ko mazaje ne suka ga abin da ba su so a maimaita. Hujjarsu ta farko ita ce rayuwar mutum tasa ce, kuma idan doka ta yarda ya ƙi magani ko da zai mutu, to babu dalilin hana shi zaɓar mutuwa mai sauƙi maimakon mai tsawo. Ta biyu ita ce akwai azabar da magani ba ya iya kashewa gaba ɗaya. Ta uku kuma ita ce abin yana faruwa a ɓoye ko an so ko an ƙi, don haka gara a fito da shi fili a sa masa ido. Har a cikin malaman addini an samu masu wannan ra'ayi, fitaccensu shi ne Akbishop Desmond Tutu na Afirka ta Kudu, wanda ya bayyana goyon bayansa a 2014.

Masu adawa fa?

Ban da hujjar addini, babban tsoronsu shi ne abin da aka ba mutum a matsayin zaɓi ya rikiɗe ya zama abin da ake sa ran zai yi. Tsohon da ke ganin 'ya'yansa sun sayar da kadara saboda jinyarsa ba ya buƙatar wani ya ce masa ya zama kaya, shi da kansa zai karanta hakan a fuskokinsu. Rahotannin shekara-shekara na jihar Oregon sun nuna cewa raɗaɗin ciwo ba shi ne kan gaba a dalilan masu nema ba. Rasa ikon yi wa kai abu da rasa mutunci su ne a sama, kuma da yawa suna ambaton tsoron zame wa iyali nauyi. Ƙungiyoyin masu naƙasa na cikin waɗanda suka fi ɗaga murya, suna cewa halin da ake kira "wanda ba a iya jurewa" shi ne halin da su suke rayuwa a ciki kullum. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta sake jaddada adawarta a 2019. Sannan akwai tabon tarihi: tsakanin 1939 da 1941 gwamnatin Hitler a Jamus ta kashe kimanin mutum 70,000 masu naƙasa da taɓin hankali da sunan jinƙai. Adalci ne a faɗa cewa waɗancan ba wanda ya nemi yardarsu, don haka ba ɗaya suke da dokokin yau ba, amma likitoci ne suka sa hannu a takardun, kuma wannan ne ya sa Jamusawa har yanzu suke ƙyamar kalmar "kisan jinƙai".

Mene ne hukuncinsa a Musulunci?

Babu saɓani tsakanin malamai cewa haramun ne, ko likita ne ya aikata ko majinyacin. Rai amana ce, mutum bai mallake ta ba balle ya ba wani izinin ɗauke ta. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada ku kashe kawunanku, lalle Allah mai jinƙai ne gare ku, kuma abin lura ne cewa jinƙan da ake kafa hujja da shi wajen kisan, shi aka ambata a matsayin dalilin hanin. A hadisin da Bukhari ya ruwaito, wani mutum daga al'ummomin da suka gabata ya ji rauni, ya kasa haƙuri ya ɗauki wuƙa ya yanke hannunsa, jini ya yi ta zuba har ya mutu, sai Allah ya ce bawansa ya yi gaggawa da ransa, ya haramta masa Aljanna. Ko fatan mutuwa saboda wata cuta an hana, aka koyar da cewa idan ya zama dole mutum ya roƙi Allah ya raya shi matuƙar rayuwa ce alheri gare shi, ya ɗauki ransa idan mutuwa ce alheri. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta yawancin Hausawa, ra'ayi mashahuri shi ne ko da mutum ya ce wa wani "kashe ni na yafe maka", wannan bai kawar da ƙisasi ba, domin ya yafe haƙƙin da bai riga ya tabbata ba.

To cire na'urar numfashi ko daina magani fa, shi ma kisa ne?

A nan ne iyalai suka fi shiga damuwa, a nan ne kuma malamai suka sassauta. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta yanke cewa idan ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya, ƙwararrun likitoci suka tabbatar ba za ta dawo ba, ya halatta a cire na'urorin ko da zuciya na bugawa da taimakonsu. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yarda da cirewar a 1987 bisa shaidar likitoci uku, sai dai ta ce ba a zartar da hukunce-hukuncen mutuwa, kamar gado da takaba, sai zuciya da numfashi sun tsaya. Tushen sassaucin shi ne neman magani ba ya zama wajibi idan babu kyakkyawan zaton zai yi amfani. Amma abinci da ruwa da tsafta da maganin raɗaɗi haƙƙin majinyaci ne har numfashinsa na ƙarshe a wurin mafi yawan malamai.

Kotunan Yamma ma sun daɗe da raba waɗannan. A 1976 Kotun Ƙolin jihar New Jersey ta Amurka ta ba iyayen Karen Ann Quinlan damar cire mata na'urar numfashi bayan doguwar suma, kowa na jiran ta cika nan take, sai ta ci gaba da numfashi da kanta har 1985. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa cire na'ura da yin allurar mutuwa ba abu ɗaya ba ne: wanda ya cire na'ura ya bar wa ajali lokacinsa.

Kiristoci me suka ce?

Cocin Katolika ta haramta shi a sanarwarta ta 1980, Fafaroma John Paul na Biyu ya ƙara jaddadawa a 1995, amma tun 1957 Fafaroma Pius na Goma Sha Biyu ya bayyana cewa ba dole ba ne a yi amfani da hanyoyin da suka wuce ƙima don tsawaita rai. Yawancin sauran majami'u, musamman na Afirka, suna kan wannan matsayi. A Oktoban 2019 wakilan Musulmi da Kiristoci da Yahudawa suka sa hannu a takarda guda a fadar Batikan, suna ƙin kisan jinƙai tare da kira a inganta jinyar masu cutar ajali.

Ina dokar Najeriya ta tsaya?

Laifi ne a Kudu da Arewa. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya kare haƙƙin rayuwa. Kundin laifuka da ake aiki da shi a Kudu ya ce yardar mutum a kashe shi ba ta wanke wanda ya kashe shi, wanda ya gaggauta mutuwar mai ciwo shi ya kashe shi, wanda kuma ya taimaka wa wani ya kashe kansa hukuncinsa ɗaurin rai da rai ne. Dokar Final Kod ta Arewa ta ɗan bambanta, domin idan baligi ya yarda a kashe shi laifin kan sauka daga wanda ake yanke wa hukuncin kisa, amma yana nan laifin kisan kai mai ɗauri mai tsawo. A ɗaya gefen, Kotun Ƙoli ta yanke a 2001, a shari'ar Dakta Okonkwo, cewa baligi mai hankali yana da 'yancin ƙin magani ko da hakan zai kai shi ga mutuwa. Shari'ar ta samo asali ne daga wata majinyaciya mabiyar ɗariƙar Shaidun Jehobah da ta ƙi ƙarin jini har ta rasu, kotu ta ce likitan da ya mutunta ƙin nata bai yi laifi ba.

Idan maganin rage raɗaɗi ya zama sanadin gaggauta mutuwa, likita ya yi laifi?

Bai yi ba, matuƙar niyyarsa rage azaba ce kuma ya ba da gwargwadon da ciwon ke buƙata. Likitocin da suka ƙware a wannan fanni ma suna cewa mofin, wato maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi, idan aka fara da kaɗan, aka riƙa ƙarawa a hankali, da wuya ya rage kwana. Tsoron da ake yi masa ya fi cutar da majinyata fiye da shi kansa maganin.

Wannan muhawara ta shafe mu kuwa, ko ta masu ƙoshi ce?

A asibitocinmu da wuya a ji wanda ya roƙi allurar mutuwa, amma ana yanke shawarar rai da mutuwa kowace rana ta wata fuska. Na taɓa zama a wani ɗakin jinya kusa da wani dattijo da ake wa wankin ƙoda sau biyu a mako. Da aka shiga wata na uku, 'ya'yansa suka keɓe a baranda suna lissafi da murya ƙasa-ƙasa, an riga an sayar da gona da shanu biyu. Washegari babban ɗan ya sa hannu a takardar neman sallama, ya durƙusa ya ce, "Baba, za mu koma gida a gwada na gargajiya." Tsohon ya dube shi ya ce, "Allah ya yi muku albarka, kun yi iya ƙoƙarinku," kuma babu wanda bai fahimci abin da ake nufi ba. Wannan ba kisan jinƙai ba ne a doka ko a shari'a, babu wanda ya yi nufin mutuwarsa, kuma Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinta. Abin da ya dame ni shi ne an naɗe tabarma an tafi ba tare da an haɗa su da ko ƙwaya ɗaya ta rage raɗaɗi ba, ba kuma wanda ya gaya musu abin da za su gani a kwanakin da suka rage.

Irin jinyar da ke cike wannan giɓi tana da tarihi. Cicely Saunders ta buɗe gidan jinyar masu cutar ajali na zamani na farko a Landan a 1967, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 14 cikin ɗari kacal na masu buƙatar irin wannan kulawa suke samunta. Yuganda, wadda ba ta fi mu arziki ba, ta fara haɗa mofin na ruwa mai araha tun da Dakta Anne Merriman ta kafa cibiyarta a Kampala a 1993, sannan a 2004 gwamnatin ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, domin majinyacin ƙauye ya samu a gidansa ba sai ya jira likita ba.